Abin da ke Cikin Gwangwanin Auta

Kayan farko da Auta ya saya na kwamfutarsa ko wuni ɗaya ba su yi a hannunsa ba. Da hantsi ya karɓe su a shagonmu, ƙananan sandunan ram guda biyu, ma'ajiyar tunanin kwamfuta, a cikin kwali mai sheƙi. Kafin la'asar suna aljihun Yayansa, shi kuma yana kwance a tsakar gida leɓe a fashe.

Ni mai gyaran kwamfuta ne. Ina haya a ɗakin ƙofar gidansu, suna kirana Injiniya, duk da ban taɓa taka inda ake ba da wannan suna ba. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, wanda ban gani ba kuma kunnena ya jiye mini, don katangar da ke tsakaninmu ba ta iya riƙe sirri ba.

Auta guga yake yi. Ƙafarsa ta dama ta shanye tun yana ƙarami, da sanda yake tafiya, amma hannuwansa Allah ya sa musu albarka. Teburinsa na ƙarƙashin rumfar tsakar gida, da dutsen guga na gawayi mai nauyin tsiya, kuma duk layinmu babu wanda ke fitar da karin wando kamarsa. In ya kawo wa Oganmu kaya a shago, yakan tarar muna gwada kwamfutar wani da wasan ƙwallo, sai in matsa masa kujera. Yaron da ba ya iya tsallake kwata sai an riƙe shi, in ya ɗora yatsunsa a kan kibod sai ka ga ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo. Wata rana ya ci ni har na ji haushi, ya juyo yana dariya ya ce, “Injiniya, a nan ina gudu fa.”

Tun daga ranar ya ƙudura sai ya haɗa tasa. Ba don sana'a ba, ba don karatu ba, don wasa kawai. Na san akwai masu cewa me talaka zai yi da wasa, kamar talaka an halicce shi ne don aiki da barci. Ni dai ban ga laifinsa ba, guminsa ne.

Muka zauna a kan benci na yi masa bayani. “Abin hannunka kaɗan ne, Auta, sai mun san inda za mu yi rowa da inda ba a yi. Katin hoto shi zai cinye rabin abin da za ka tara, don shi ke zana duk abin da idonka zai gani. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar, ta tsaka-tsaki ta ishe ka, ta hannu ma ba laifi. Bod shi ne falon da kowa ke zama a kai, sai wanda bakinsa ya zo ɗaya da furosesar, in ba haka ba ka sayi takalmin da ba na ƙafarka ba. Amma fawa, akwatin da ke raba musu wuta, nan ba a rowa. Fawa mai araha rana ɗaya za ta yi fushi ta ƙone maka kowa da kowa.”

Shi kuwa idonsa na kan wani kes, akwatin kwamfuta mai gefen gilashi, da Oga ya ɗora a kan kantar shago, fitilu na zagaye cikinsa ja da shuɗi.

“Wancan fa?”

“Wancan kwalliya ce. Kes riga ce kawai, ba ta ƙara maka gudu.”

“Amma ya yi kyau, wallahi.”

“Ya yi kyau. Kibod da maus ma ka bar su ƙarshe, su suka fi araha, ko yaushe za ka samu. Fara da abin da aljihunka ya kai yau.”

Aljihunsa ram ya kai, ya sayi ram. Ya tafi gida yana shafa kwalin kamar an ba shi jariri.

Yaya yana zaune a bakin ɗakinsa yana yankan farce. Ƙato ne, ya girmi Auta nesa ba kusa ba, ya taɓa aiki wurare da yawa kuma ko'ina da dambe ya baro. Sheƙin kwalin ne ya ja idonsa.

“Kai, mene ne wannan?”

“Kayan kwamfuta ne, Yaya.”

“Kawo.”

“Nawa ne, ni na saya.”

Bai rufe baki ba mari ya sauka. Yaya ya sa ƙafa ya shure sandar, Auta ya tafi ƙasa gaba ɗaya, bakinsa ya daki gefen bokiti. Yana ƙasan ma bai tsira ba, sai da Yaya ya taka masa wuyan hannu ya zare kwalin, ya ƙara masa shuri a haƙarƙari don ya ce nasa ne. “Ni za ka ce wa naka ne? Duk abin da ya shigo gidan nan sai ya bi ta hannuna, gurgun banza!”

Na fito daga ɗaki da gudu, na tarar Yaya ya riga ya fice. Mahaifiyarsu Inna ce durƙushe tana goge wa Auta jini da bakin zanenta.

“Inna, wannan wane irin abu ne?” na ce.

“Bari kawai, Injiniya. Zuciya ce da shi, amma ba mugu ba ne. Rashin aikin nan ne ke cin sa.” Ta juya ga Auta. “Kai ma da ka miƙa masa tun farko ai da ba a kai ga haka ba. Ka san halinsa.”

Baba da ya dawo aka faɗa masa, ya saurara yana kwance agogo. Ya ce tsakanin wa da ƙani ba ya shiga, shi ma haka yayyensa suka gyara shi, ga shi bai mutu ba. Sannan ya dube ni ta gefen ido ya ce yana son ɗan hayan da ya san iyakar ɗakinsa.

Na ce wa Auta daga yanzu duk abin da ya saya ya bari a shago. Ya sake tarawa ya sayi fawa mai kyau, sabuwa fil, na ajiye masa a ƙasan kanta. Ban san wanda ya kai wa Yaya labari ba. Da rana tsaka ya faɗo mana shago, ya ce a ba shi kayan ƙaninsa. Na ce babu. Ya ɗauki kujerar ƙarfe ya maka wa gilashin kanta, ya tarwatse har kan masu saye. Da aka taru a kansa sai ya koma kuka yana cewa baƙo ya shiga tsakaninsa da ɗan'uwansa. Baba ya zo ya ba Oga haƙuri, ya ce sharrin shaiɗan ne, zai biya gilashi, kuma har yau bai biya ba. Oga ya kira ni gefe ya ce, “Kayan gidan nan kada su sake kwana a shagona, ko allura ce.”

A bayan shagonmu akwai tarin tsofaffin kes na ofis da muke sayar wa masu gwangwan. Auta ne ya tsaya yana kallonsu, fawarsa a hammata, ba shi da inda zai kai ta. Ya nuna wani da sanda, mai ruwan ƙasa, ya lotse ta gefe, tsatsa ta ci gindinsa, kaza ma ta yi kashi a kansa.

“Injiniya, ba ka ce kes riga ce kawai ba?”

“Na ce.”

“To ba ni wancan. Wanda ya fi kowanne muni.”

Na gane nufinsa, na yi dariya, amma dariyar ba ta yi mini daɗi ba. Yaron da ke mafarkin gilashi da fitilu ya koma zaɓen tsumma don kada a yi masa fashi a gidan ubansa. Muka ɗaura fawar a ciki, muka yar da kwalin, ya ɗora gwangwanin a kan baro aka kai masa gida. Ya tura shi ƙarƙashin teburin guga, ya shimfiɗa masa tsohon buhu, ya ɗora shanyayyar ƙafarsa a kai. Yaya ya zo ya daka wa kes ɗin ƙafa, ya ji ƙarar gwangwani, ya tuntsire da dariya ya ce mahaukaci ya fara tara shara. Teburin guga kuwa wuri ne da Yaya ba ya son daɗewa, don aiki ake yi a wurin.

Haka muka ci gaba. Duk abin da Auta ya saya, a shago muke cire shi daga kwali, in saka a jakar aikina, in jira Yaya ya fita yawonsa, mu ja gwangwanin mu ɗaura. Na koya masa dokar aikinmu, cewa kafin ka taɓa bod sai ka fara taɓa ƙarfe, don wutar da ke jikin mutum tana iya kashe kaya ba ka sani ba. Ya riƙe wannan kamar karatu. Ko murfi zai buɗe sai ya fara dafa ƙafar teburin, da yake ta ƙarfe ce. Bod na hannu muka samu daga wani ɗalibi da ya canza nasa, furosesa daga kwamfutar wani ofis da aka rufe, ram kuma sanda ɗaya ya iya saya a madadin biyun da aka ƙwace.

Amma Yaya ba wawa ba ne. Ya ga kayan guga na ƙaruwa, abin da yake tatsa a wurin Auta kuma na raguwa. Duk yamma sai ya tsaya a kansa ya ce a juye aljihu. In abin ya yi masa kaɗan, bel. Wata rana da wayar rediyo ya zane shi har rigar ta manne da bayansa, sai da Inna ta jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita. Wata rana ya ɗauke sandar ya jefa kan rufin kwano, Auta ya wuni yana rarrafe tsakanin tebur da bayi, masu kawo guga suna kau da kai. Ya yayyaga katifarsa yana neman inda ake ɓoye kuɗi, ya fasa asusunsa, ya zazzage buhun gawayi. Sau nawa yana tsaye ƙafarsa na gogar gwangwanin, bai taɓa sunkuyawa ba.

Auta ya rame. Ya daina sayen abincin rana, ya ce ba ya jin yunwa. Idonsa na hagu bai gama sacewa ba na dama zai kumbura. Masu kawo kaya in sun tambaya, Inna ce ke riga shi amsawa, ta ce ai kun san ƙafar tasa, faɗuwa yake yi. Gwaggonsu da ta zo ta ga bayansa ta yi salati, na ce to yau za a yi magana. Sai ta ce, “Shi ma Autan da taurin kai. Mutum yana fama da lalura, me ya kai shi jayayya da mai ƙarfi? Ku yi ta addu'a dai, in babban ya yi aure zai natsu.” Watau a nemo wata 'yar mutane ita ma ta zo ta karɓi rabonta.

Na ce masa, “Auta, ka bar gidan nan. Zan nema maka wurin guga a wata unguwa.”

Ya ce, “In na tafi kan Inna zai koma. Da ni yake hucewa.”



Da lokacin katin hoto ya yi, guda biyu na hannu suka shigo shago. Ɗaya babba ne mai fanka uku, mai shi yana neman kai da shi da araha. Ɗayan ƙarami ne, bai kai wancan ƙarfi ba, kuma kuɗinsu kusan ɗaya. Auta ya rungumi babban. Na ce ya shinshina. Ya kai hanci ya yamutsa fuska.

“Ƙauri yake yi.”

“An gasa shi ne dare da rana ba hutu. Dubi sukurorin, duk an cinye kawunansu, an buɗe shi ba sau ɗaya ba. Yau zai yi maka gudu, gobe ya mutu a hannunka. Ƙaramin nan kuwa ko hatiminsa ba a taɓa ba.”

Ya daɗe yana juya babban, sannan ya ajiye shi a hankali. “Ba ni ƙaramin. Ni ba zan iya saye sau biyu ba.”

Washegari Yaya ya bi abokansa wani gari. Na ɗauko tsohuwar monita daga ɗakina da kibod ɗin shago na aro. Auta ya dafa ƙafar tebur, ya ɗauki katin da hannu biyu, ya saita shi a raminsa ya danna har ya ce ƙas. Na ce shi zai kunna. Ya sa yatsa a maɓallin ya danna. Fanka ta juya, monita ta yi haske, rubutu ya fito. Na saka masa wasan ƙwallon, filin ya buɗe kore shar, ciyawar har kaɗawa take yi. Auta ya yi wata irin ƙara, ya ja ɗan wasansa da gudu daga wannan raga zuwa waccan, ko ƙwallon bai nema ba, gudun kawai yake yi yana dariya hawaye na zuba.

Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya baki buɗe.

“Auta, daga cikin gwangwanin nan wannan abu ke fitowa?”

“Daga ciki, Inna. Ni na haɗa.”

“Kai ɗan nan! To nawa ka kashe?”

Na yi masa ido, amma uwa uwa ce, kuma yaron ya daɗe bai ga ta dube shi da alfahari ba. Ya ce mata abin da ke ciki ya kai kuɗin babur na hannu. Ta dafe ƙirji. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, ta ce haba, ita yarinya ce? Na mayar da kibod ɗin shago. Abin da ya rage masa ke nan, kibod da maus, masu arahar da na ce ya bari ƙarshe. Ya ce in an biya shi gugar ƙarshen mako zai zo ya ɗauka.

Ranar da abin ya faru na dawo cin abincin rana ne. Auta na guga, ya cika dutsen da sabon garwashi. Yaya ya tashi daga barci yana neman abin da zai ci, ya buɗe kwano ya ga babu nama, ya yi jifa da murfin. Inna ta ce ya yi haƙuri, abin da Auta ya bayar na cefane ke nan. Sai ya hau zagi. Ya ce gurgu ya zame wa gida kaya, ba ya tsinana komai sai tara gwangwani, da za a sayar da shi ko kuɗin buhun gawayi ba zai yi ba.

Inna ta yi shekaru tana haɗiye irin wannan. Ban san abin da ya sa ranar ta kasa ba. Ina jin so take yi ko sau ɗaya babban ya ga girman ƙaramin, ta ɗauka in ya ji abin da ƙaninsa ya iya zai ji kunya. Ta miƙe ta nuna ƙarƙashin tebur da ludayi.

“Wanda kake kira banza, abin da ya haɗa a gwangwanin can ya kai kuɗin babur! Da hannunsa! Kai me ka taɓa haɗawa?”

Inna ta kai hannu ta rufe bakinta. Auta ya ajiye dutsen guga a kan mazauninsa, ya ce, “Inna,” a hankali.

Yaya ya taho. Auta ya zame daga kujera ya faɗa kan gwangwanin ya rungume shi. Yaya ya kifar da teburin, kayan mutane suka zube cikin ruwan kwata. Ya kama wuyan rigar Auta ya ja, rigar ta yage, yaron bai saki ba. Ya shiga shurinsa a ciki, a baya, a shanyayyar ƙafar. Ya kama gashinsa ya buga goshinsa da murfin ƙarfen har jini ya wanke masa ido. Auta ya cusa yatsun hannun damansa cikin ramin bayan kes ɗin ya ƙanƙame, yana cewa, “Kashe ni, Yaya, amma ba zan saki ba.”

Na yi tsalle na kama Yaya ta baya. Ya yi mini gula da gwiwar hannu a hanci, na ga wuta, na zube jikin katanga. Kafin in miƙe ya sunkuya ya ɗauki dutsen gugar da ya faɗi gefe, garwashi na zuba daga bakinsa. Inna ta yi ihu ta kama ƙafarsa, ya yi watsi da ita. Ya ɗaga dutsen ya sauke a kan hannun Auta. Na ji ƙarar ƙashi. Ya sake ɗagawa ya sake saukewa, sannan ya danna shi a wurin ya riƙe, har ƙaurin fata ya cika rumfar.

Auta bai yi ihu ba, numfashinsa ne ya ɗauke. Yatsun suka saki da kansu.

Maƙwabta suka shigo suka janye Yaya, yana haki yana cewa shi aka raina, shi aka mayar bare a gidansu. Na cire rigata na naɗe hannun, na ce a nemo mota mu tafi asibiti. Baba ya shigo daidai lokacin, ya dubi hannun, ya dubi taron da ke ƙofa, ya ce a rufe gida.

“Babu inda za a je. Asibiti tambaya za su yi, daga nan sai 'yan sanda. So kake a ɗaure mini ɗa?”

“Baba, wannan ma ɗanka ne! Dubi hannunsa!”

“Dutsen guga ne ya faɗo masa. Kowa ya ji ko? Tsautsayi ne.”

Aka kira wani mai ɗori, ya zo ya ja yatsun da suka farfashe yana ɗaure su da tsinke a kan ƙuna, Auta na suma yana farfaɗowa. Ni na tafi ofishin 'yan sanda da hancina a kumbure na faɗi abin da na gani. Wani jami'i ya biyo ni har gida. Ya tsuguna gaban tabarmar Auta ya tambaye shi wa ya yi masa haka. Inna na bakin ƙofa tana kuka, tana girgiza masa kai, Baba na tsaye a kansa. Auta ya dubi uwarsa ya daɗe.

“Faɗowa ya yi,” ya ce.

Jami'in ya miƙe ya ce in daina shiga maganar iyali. Kafin ya kai bakin titi Baba ya ce in nemi wani ɗakin.

Aka yi zaman sulhu, Gwaggo ta zo, kawunsu ya zo. Hukuncin da suka yanke shi ne ba za a sayar da kwamfutar ba, tunda ita ta jawo fitina, za ta zama ta gida, ta kowa da kowa. Sai dai a ɗakin Yaya za a ajiye ta, don shi ke da tebur da makulli. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce a yafe masa, zuciya ce. Washegari ya je kasuwa ya sayo kibod da maus, da kuɗin da Inna ta ba shi, ya kawo ya nuna wa kowa. Gwaggo har da hawaye. “Kun gani? Ya yi nadama. Shi ya ƙarasa wa ƙaninsa abin da ya rage.”

Ranar da nake kwashe kayana, ƙarar wasan ƙwallo na fitowa daga ɗakin Yaya, shi da abokansa suna ihu an ci. Auta na zaune a ƙarƙashin rumfa, hannu a rataye, yana fuskantar katanga. Inna ta ajiye masa abinci ta ce, “Ka yi haƙuri, ɗan'uwanka ne. In ka warke ai zai bar ka ka taɓa.”

Wannan kalma ta haƙuri, a gidaje irin wannan, wanda aka daka kaɗai ake ba ita. Mai dukan ana nema masa dalili, yau zuciya, gobe rashin aiki, jibi shaiɗan. Wanda aka daka kuwa ana nema masa laifi, me ya sa ya yi magana, me ya sa bai saki ba, me ya sa ma ya so wani abu tun farko. Suna cewa suna rufa asirin gida. Ba asirin gida suke rufawa ba, mugu suke lulluɓewa, kuma da fatar ɗansu suke lulluɓe shi. Yaya hannu ɗaya ya ɗaga, amma mutum nawa suka riƙe masa Auta? Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Bayan an kwance ɗorin Auta ya zo shago. Yatsu uku sun ƙage sun lanƙwashe ciki, bayan hannun ya zama tabo fari mai sheƙi, da shatar gindin dutsen guga a kai. Ya ce yana koyon guga da hagu, ya ƙona rigar mutum biyu amma hannun ya fara faɗawa. Na matsa masa kujera gaban wata kwamfuta da muke gwadawa. Ya miƙa mataccen hannun ya dafa ƙarfen ƙafar benci kafin ya taɓa komai, yadda na koya masa. Ya ɗora shi a kan kibod, ya yi ƙoƙarin danna maɓalli ɗaya, huɗu suka dannu tare. Ya janye hannun ya sa a aljihu.

“Injiniya, akwai wasan da ake yi da hannu ɗaya?”

“Akwai,” na ce. “Akwai na tsere da yawa.”

“Ana gudu a ciki?”

“Ana gudu.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki sandarsa ya zagaya bayan shago, na bi shi. Ya tsaya gaban tarin tsofaffin kes yana dubawa, har ya nuna wani baƙi da ruwan sama ya cinye, ko murfin kirki ba shi da shi.

“Ajiye mini wancan a sabon ɗakinka. Da fawa za mu fara, tunda ka ce nan ba a rowa.”

“To, Auta.”

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya bai waiwayo ba.

“Wannan karon ko Inna ba zan faɗa wa ba.”